Kogin da ke Ratsa Saman Ramin Kwal: Yadda Ruwa ke Barazana ga Lantarkin Victoria

A kwarin Latrobe da ke jihar Victoria a ƙasar Ostireliya, gabas da birnin Melbourne, akwai wani kogi da ke gudu a kan tudun da mutane suka gina da hannunsu. Hagu da dama ramin haƙar kwal ne mai zurfi, a ƙarƙashinsa kuma akwai hanyoyin da bel ɗin jigilar kwal ke bi zuwa tashar lantarki. Sunan kogin Morwell, mahaƙar kuma Yallourn, wadda tasharta ke samar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na wutar jihar baki ɗaya.

Me ya kai kogi wannan wuri? Kwal ne. Tsohuwar hanyar ruwan ta bi ta saman kwal ɗin da ake son haƙowa, sai aka gina masa sabuwar hanya mai tsawon kilomita 3.5, aka kammala a 2005. Jinga ce irin wadda manoman fadama suka sani, sai dai wannan ba tare ruwa kawai take yi ba, kogin gaba ɗaya take ɗauke da shi.

Inda matsalar take

Mutum zai ɗauka haɗarin shi ne ruwa ya cika ya tsallake jingar. Wannan ma yana nan, amma wanda ya fi tayar wa injiniyoyi hankali ba a ganinsa da ido. Kwal ɗin Yallourn nau'in nan ne mai ruwan ƙasa, wanda fiye da rabin nauyinsa danshi ne, don haka da kaɗan ya fi ruwa nauyi. Ga shi kuma da tsaguwa daga sama har ƙasa, yana zaune a kan yumɓu. Idan ruwa ya cika tsaguwar, sai ya riƙa tura bangon ramin daga baya, yumɓun kuma ya zama santsi. Bangon da ake gani kamar dutse sai ya zame kamar an ja aljihun tebur.

Abin da ya faru ke nan a watan Nuwamba na 2007. Bangon arewa maso gabas ya zame, kogin Latrobe, wanda Morwell ke zubawa cikinsa, ya kwararo cikin ramin. Ba a rasa rai ba. Binciken da gwamnatin jihar ta sa aka yi ya ɗora laifin a kan matsin ruwa, ya kuma nuna cewa alamu sun bayyana tun kafin ranar, fassara su ce ba a yi daidai ba.

Na'urorin da ke sauraron ƙasa

A manyan mahaƙai irin wannan, aikin tsaro ya dogara ne da awo. Ana binne wata 'yar na'ura mai suna fizomita a cikin rijiyar burtsatse. A cikinta akwai siririyar waya a ɗaure tamau kamar tsirkiyar garaya. Matsin ruwa yana sauya ɗaurinta, hakan ya sauya yadda take kaɗawa, daga nan kwamfuta ta lissafa ƙarfin matsin. Akwai kuma rada da ake girkewa tana kallon bangon ramin dare da rana, tana iya gano motsin da bai kai milimita ɗaya ba, ko da ana hazo ko ruwan sama. Daga sama, taurarin ɗan'adam irin su Sentinel-1 na Turai suna ɗaukar hoton rada na wuri guda lokaci bayan lokaci, a kwatanta a ga inda ƙasa ke lotsawa.

Awo kaɗai ba ya rage matsi. Sai an huda bangon da dogayen ramuka a kwance don ruwan ya tsiyaye, an kuma bar injinan zuƙo ruwa suna aiki ba hutu. Duk wanda ya taɓa kula da saba ya san wannan ciwon: tara bayanai abu ne mai sauƙi, wahalar ita ce sanin wane layi ne a cikinsu ya isa a tashi mutum daga barci.

Jingar ta fashe

A watan Yuni na 2012, bayan ruwan sama mai yawa, jingar Morwell ɗin kanta ta rushe. Kogin ya juya cikin mahaƙar, ya lalata bel ɗin jigila, tashar mai injina huɗu ta koma aiki da guda ɗaya. Ruwan da ya shiga ya kai kimanin lita biliyan 60. Fitar da shi ma wata rigima ce, domin ruwan da ya kwana a ramin kwal ba ya komawa kogi yadda ya fito. Sai da hukumar kare muhalli ta jihar ta ba da izini na musamman kafin a zuba shi a Latrobe, masu rajin kare kogin kuma ba su ji daɗin hakan ba. Gyaran ya ci fiye da shekara guda.

Bayan shekara tara, a Yunin 2021, wata ambaliyar ta sake zuwa, aka ga tsaguwa a jikin jingar. A wannan karon an ɗauki alamar da muhimmanci. Kamfanin EnergyAustralia ya janye ma'aikata daga wurin haɗari, ya rage aikin tashar, gwamnatin jihar kuma ta ayyana dokar ta-ɓaci kan makamashi don a samu damar karkatar da ruwan cikin gaggawa. An bi da wani ɓangare ta bututu, an kuma amince a riƙa juya rarar ambaliya cikin ramin Hazelwood, wata mahaƙar da ke sama da Yallourn a kan kogin, wadda aka rufe a 2017. Jingar ba ta rushe ba.

Kamfanin ya sanar cewa zai rufe tashar a tsakiyar 2028. Sai dai kashe injinan lantarki ba zai kashe matsin ruwan da ke cikin bangon ba. Shirin da ake magana a kai shi ne a cika ramin da ruwa ya zama tafki, ta yadda nauyin ruwan ciki zai tokare bangon. Hakan zai ɗauki shekaru masu yawa, kuma ruwan da za a cika shi daga kogunan kwarin zai fito, waɗanda manoma da garuruwa da tafkunan Gippsland ke jira a ƙasa.