Yadda Ake Shirya Bidiyon Wasan Dabo da Sa Masa Tambari Kafin a Ɗora a Intanet

A gidajenmu da yawa na nan ƙasashen waje za ka tarar da yaro ya koyi ɓatar da kwandala a tafin hannu, ko gano kartar da ka zaɓa, har ya fara neman izinin ɗora bidiyonsa a YouTube ko TikTok. Wannan bayani na iyaye ne da matasan baki ɗaya, domin bidiyon da aka saki ba ya dawowa, kuma da sunan gidanku zai yi ta yawo.

Da farko ya kamata a san abin da ake nufi da dabo a nan, wato saurin hannu, da karkatar da hankalin mai kallo, da kayan aiki masu ɓoyayyen sirri. Duk abubuwa ne da ake koyo da gwaji, kamar yadda ake koyon ɗinki. Amma bidiyon zai kai ga kakanni da dangi a gida, waɗanda wasunsu za su iya ɗaukar abin a matsayin tsafi. Saboda haka yaro ya faɗa da bakinsa, ko ya rubuta a ƙasan kowane bidiyo, cewa wannan wasan hannu ne na nishaɗi. Wannan jimla guda za ta hutar da ku daga dogon bayani a waya.

Kyamara ba ta ƙifta ido

Ɗan dabo a dandali yana cin nasara ne saboda idon mutum yana bin inda aka nuna masa. Kyamara kuwa komai tana ɗauka. A YouTube mai kallo yana iya rage gudun bidiyo zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, ko ya tsayar da shi ya riƙa bin hotunan ɗaya bayan ɗaya. Dabarar da ta ruɗi ƙannensa a falo tana iya tonuwa cikin minti guda. Don haka a kafa wayar a kan abin ɗora kyamara mai ƙafa uku, a daidai tsayin idon mai kallo, a ɗauki wasan sau da yawa, sannan a zauna a kalle shi a hankali kamar mai neman aibu. In an hango kwandalar tana leƙowa tsakanin yatsu, a sake gwaji, kada a yi gaggawa.

Akwai kuma batun haske, wanda aikina na injiniya ya sa nake yawan lura da shi. Wutar lantarki a Ingila da Ghana da Najeriya tana juyawa sau 50 a sakan ɗaya, a Amurka da Saudiyya kuwa sau 60. Wasu fitilun gida suna rawa daidai da wannan juyi, ido ba ya gani amma kyamara tana gani, sai bidiyon ya fito da layi-layi ko yana ƙyaftawa. Maganinsa shi ne wanda ke ƙasar 50 ya saita wayarsa ta ɗauki hoto 25 ko 50 a sakan, wanda ke ƙasar 60 kuma ya sa 30 ko 60. Mafi sauƙi shi ne a zauna ana fuskantar taga da rana. A shimfiɗa ƙyalle mai launi ɗaya a kan tebur, a kawar da madubi da duk wani abu mai sheƙi, don tukunyar ƙarfe ma tana iya nuna abin da ke bayan hannu. Gajeren bidiyo a tsaye ake ɗaukarsa, dogo kuma a kwance.

Yanka bidiyo da gaskiyar ɗan dabo

Yaudara da kyamara tsohuwar aba ce. Georges Méliès, wani ɗan dabo na birnin Paris, tun a 1896 ya yi fim ɗin da mace ta ɓace a kan kujera, ta hanyar tsayar da kyamara, matar ta tashi, a ci gaba da ɗauka. Yau Zach King na Amurka ya shahara da irin wannan, kuma bai ɓoye cewa kwamfuta yake haɗawa da ita ba. Wannan ma sana'a ce. Abin kunya shi ne mutum ya yanka bidiyo ya ce hannunsa ne ya yi. Don haka daga lokacin da aka nuna hannu har dabarar ta kammala, kada a yanka, kada hannun ya fita daga hoto. In da hali a sa wani ya zauna a gefe. David Blaine ya yi suna a 1997 da shirin talabijin da ya juya kyamara kan fuskokin masu kallo a titi, domin mamakinsu shi ne shaidar cewa abin a gabansu ya faru.

Me ka mallaka, me ba ka mallaka ba

Bidiyon da yaro ya ɗauka nasa ne tun daga lokacin da ya ɗauka, a duk ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Berne ta 1886, ba sai ya yi rajista ba. Amma sirrin dabarar ba ya shiga ƙarƙashin haƙƙin mallaka. Horace Goldin ya yi rajistar ƙirƙira a Amurka a 1923 kan wasan raba mace biyu da zarto, sai dai ita wannan rajista tana tilasta bayyana yadda abu ke aiki. Da wani kamfanin sigari ya tona wasan a tallarsa, Goldin ya kai ƙara amma bai yi nasara ba.

Teller, abokin wasan Penn, wata hanya ya bi. A 1983 ya yi rajistar wasansa mai suna Shadows a matsayin wasan kwaikwayo, inda yake yanka inuwar fure, ainihin furen kuma ya riƙa zubewa. Da wani ɗan dabo daga Turai ya kwaikwayi wasan a YouTube yana neman sayar da sirrin, kotu a jihar Nevada ta ba Teller gaskiya a 2014. Darasin shi ne, labarin da ka saka dabarar a ciki, da kalmominka, da tsarin motsinka, su ne naka. Yaro mai Hausa a baki yana da jari a nan. Yana iya yin wasan da goro ko hula ko ƙwarya, ya haɗa da barkwancin gida, abin da dubban masu wasan karta ba su da shi. In kuma dabarar daga littafi ko daga wani ya koya, ya ambaci mai ita, kada ya ce ƙirƙirarsa ce, kuma kada ya tona sirrin da wani ke ci da shi.

Suna da tambari

A zaɓi gajeren suna da Bahaushe da Bature duk za su iya furtawa, a bincika ko wani ya riga ka, sannan a riƙe shi iri ɗaya a kowane shafi. Tambarin ya zama ƙarami a kusurwar hoto, nesa da hannu, don kada a zaci wani abu ake rufewa da shi. Tun da ɓarawon bidiyo yana iya yanke kusurwa, yana da kyau sunan ya kasance a jikin ƙyallen tebur ko a riga. Kada a ɓata sakan goma wajen gabatarwa, a fara da wasan, suna ya biyo baya. A guji sa waƙar wani ba izini, don YouTube yana da tsarin Content ID da ke gano ta, kuma yana iya toshe bidiyon ko ya mayar da kuɗin talla ga mai waƙar. A adana ainihin bidiyon da ba a taɓa ba, shi ne hujja ranar jayayya. Rajistar alamar kasuwanci kuwa kuɗi ake biya, a bari sai sunan ya fara kawo riba.

Ga iyaye musamman: ƙa'idar YouTube da TikTok ita ce sai mai shekara 13 zai buɗe shafin kansa, a wasu ƙasashen ma sama da haka. Kada cikakken sunan yaro, ko rigar makarantarsa, ko lambar gida, ko takarda mai adireshi su fito a hoto. Da yawa cikin masu wasan karta hannu kawai suke nunawa, kuma hakan bai rage musu komai ba. Ku kalli kowane bidiyo tare da shi kafin ya ɗora, ku kuma riƙa duba masu aiko masa da saƙo.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa albarka a abin da suke koyo. Wassalam.