Abubuwan Ban Mamaki a Lambobin Titin Wendover

Titin Wendover ya ratsa birnin Greensboro na jihar North Carolina a Amurka daga gabas zuwa yamma, kuma 'yan Nijar da dama na zaune a wannan birni. Lambobin gidan waya da ake rubutawa a bayan ambulan a can suna ɗauke da abubuwan da suka isa a tsaya a duba.

27407 ba ta rabuwa. Ita ce lambar wani yanki na yammacin titin. Babu lambar da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. Gwajin ba ya da tsawo: a raba ta da lambobi marasa rabuwa 38, daga 2 zuwa 163, a tsaya nan, domin 167 sau 167 ya riga ya zarce ta.

Tana da tagwaiya. 27409, lambar yankin filin jirgin saman Piedmont Triad, ita ma ba ta rabuwa. Masana na kiran irin waɗannan biyun, masu tazarar 2, tagwaye. Duk lambar da ta faɗo tsakanin tagwayen da suka wuce 3 da 5, dole 6 ta raba ta. Ga shaida: 27408 ita ce 6 sau 4568.

27405 kuwa hannunta a buɗe yake. Ita ce ta gabashin titin, kuma lambobi 32 ke raba ta, ciki har da 27, 29 da 35. Idan ƙungiya mai mutum 30 za ta zaɓi kwamitin mutum huɗu, hanyoyin zaɓen 27,405 ne cif.

Tambayar da ta gagara. Fiye da shekara 2,000 ke nan da Yuklid ya tabbatar cewa lambobi marasa rabuwa ba su da iyaka. Ko tagwayen ma haka suke? Har yau ba a tabbatar ba. A 2013 Yitang Zhang ya nuna cewa akwai lambobi marasa rabuwa bibbiyu ba iyaka da tazarar da ba ta kai miliyan 70 ba, daga baya wasu suka rage ta zuwa 246.

Gagarau. A Oktoban 2024 Luke Durant ya gano lamba marar rabuwa mai alƙaluma 41,024,320.

Namu ma sun taka rawa. A 1732 Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Katsinawi ya rubuta littafi da Larabci kan tsara hatimi, inda jimillar kowane layi ke zuwa ɗaya, a tsaye, a kwance da a karkace. Ya rasu a Alƙahira a 1741.

Iyaye da malamai, lissafi gadonmu ne. Ku miƙa wa yaro lambar mota ko ta gida, ku ce ya nemo masu raba ta.