Kakar 2017: Shekarar da Arewa Ta Mamaye Ƙwallon Kwando

 

Idan aka ce Kano Pillars a teburin mai shayi, kowa "Sai Masu Gida" yake tunawa, wato 'yan ƙwallon ƙafa. To akwai wata Pillars ɗin, ta ƙwallon kwando, kuma ita ce za mu ba ku labarinta yau, mu tsaya a kan kakar wasa guda ɗaya, ta shekarar 2017.

Ga wanda bai taɓa kallo ba: mutum biyar-biyar ne ke karawa, da hannu ake buga ta, ana neman zura ƙwallo cikin wani zobe mai raga da ke rataye sama da mita uku daga ƙasa. Zango huɗu ake yi, kowanne minti 10, kuma ƙungiyar da ta riƙe ƙwallo daƙiƙa 24 ba ta jefa ba, an karɓe. Babu jan ƙafa a wasan nan.

Gasar Firimiya ta ƙasa rukuni biyu gare ta: na Arewa ana ce masa Savannah, na Kudu kuma Atlantic. Pillars, ƙarƙashin koci Sani Ahmed, ta shiga kakar ne da kambun 2016 a hannunta. A watan Disamban 2016 ɗin ma ta je birnin Alƙahira gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka, ta dawo da tagulla, bayan Al Ahly ta Masar da Libolo ta Angola. Ƙungiya daga Kano, ta uku a nahiya baki ɗaya! Ni dai har yau ina ganin ba a yi wa wannan bajinta kirarin da ya dace da ita ba.

A 2017 kamfanin talabijin na Kwesé ya karɓi ɗaukar nauyin gasar daga DStv. Aka yi zagayen ƙarshe a Kano, a zauren wasanni na filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Da aka tankaɗe aka rairaye, su wa suka rage? Kano Pillars da Gombe Bulls. Babu Legas, babu Fatakwal. Pillars ta yi nasara, ta sake riƙe kofinta, su biyun kuma suka wakilci Najeriya a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka a Tunisiya a ƙarshen shekarar.

Sai dai tun kafin a ɗaga wannan kofi, ɓaraka ta riga ta kunno kai. A watan Yunin 2017 hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa ta yi zaɓe biyu cikin kwana biyu: ɗaya a Kano ya ba Tijani Umar shugabanci, ɗaya a Abuja ya ba Musa Kida. Gida ɗaya, masu gida biyu. Aka shiga kotu, gasar ta yi ta tangal-tangal shekara da shekaru, 'yan wasan da suka dogara da ita don ciyar da iyali suka zauna jiran tsammani. Lokacin da aka buɗe sabuwar gasar Afirka ta BAL a Kigali a 2021, Rivers Hoopers ta Fatakwal ce ta riƙe tutar Najeriya. A watan Mayun 2022 rikicin ya kai gwamnatin tarayya ta janye ƙasar daga wasannin duniya. Ta sauya shawara bayan 'yan makonni, amma 'yan matanmu na D'Tigress sun riga sun rasa gurbinsu a gasar cin kofin duniya, aka ba Mali.

Abin yana min ciwo, domin wannan wasa ne da ya dace da mu. Ku dubi samarinmu ranar kasuwa a Gummi ko Bukkuyum, dogaye santala-santala, da ƙarfin noma a jikinsu. Na san halin da yankinmu ke ciki na rashin tsaro, na san iyaye da yawa abin da za a ci ne a gabansu. Amma filin ƙwallon kwando mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi. Daɓen siminti, turaku biyu, zobe biyu, ƙwallo ɗaya. Harabar kowace makarantar sakandare da ke Anka za ta ɗauke shi har da saura, kuma yana cikin katanga, inda malamai ke ganin yaran.

Shugabannin ƙananan hukumominmu uku na Anka da Gummi da Bukkuyum, da masu hannu da shuni 'yan asalin yankin nan, ga ƙoƙon bararmu: fili ɗaya a kowane gari kafin damina ta sauka.