Land Cruiser ko Lexus: raƙumi ɗaya ne, sirdi ne ya bambanta

Tun da labari ya iso cewa kamfanin Toyota ya nemi a mayar da wasu motocinsa garejin dillalai a Amurka saboda matsalar inji, masu cewa da tsohuwar zuma ake magani suka samu abin faɗa. A rumfunan masu sayar da motoci zancen ɗaya ne: tun da aka cire V8 aka sa V6, Land Cruiser ta tashi daga aiki. Wasu suka ƙara gishiri, wai Lexus LX 600 ce motar gaske, wanda kuɗinsa bai kai ba ne yake tsayawa a Land Cruiser 300. Wani Alhaji da ke shirin sauya mota ya tare ni bayan an sauko daga masallacin Juma'a, ya ce, "Malam, tsakani da Allah, wacce ta fi inji?" Na ce, "Ranka ya daɗe, Ɗanjuma ne da Ɗanjummai." Bai ji daɗin amsar ba, don ya riga ya ji ta bakin dillali.

Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. A masana'anta ɗaya ake haɗa su, ta Yoshiwara a ƙasar Japan, a kan shasi iri ɗaya, kuma a shekarar 2021 aka fito da su duka biyun. Idan mai shan fetur ce mai turbo, injin da ke cikin wannan shi ne a cikin waccan: silinda shida, turbo biyu, ƙarfin doki 409, giya goma mai canza kanta. Ba yau aka fara ba. Lexus LX ta farko, wato LX 450 ta tsakiyar shekarun 1990, Land Cruiser 80 ce aka yi wa kwalliya, LX 570 kuwa da ake ta yabo 'yar'uwar Land Cruiser 200 ce. Duk dillalin da ya rantse maka cewa injin Lexus ya fi, ko bai taɓa ɗaga bonet ba, ko ladansa yake hange.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda muka mayar da V8 tamkar sarautar gargajiya. Har sunan motar ya ɓace, sai ka ji ana cewa wane ya sayi "V8". Da aka ce yanzu shida ne, sai aka ɗauka an rage mudu. To ga lissafi: injin LX 570 mai lita 5.7 da silinda takwas ƙarfin doki 383 yake bayarwa. Sabon, mai kimanin lita uku da rabi, ya ɗara shi da doki 26, kuma ya fi shi ƙarfin ja tun daga ƙasa, wanda shi ne ake buƙata a yashi ko a hawan tudu.

Ta yaya ƙarami ya kayar da babba? Je ka maƙera. Gawayin maƙeri bai cika kwano ba, amma yana mayar da ƙarfe jawur har ya lanƙwashe, alhali damin itace a murhun gidan biki bai wuce ya tafasa tukunya ba. Zugazugi ne sirrin. Inji ma wuta ce ake kunnawa a cikin ɗaki rufaffe, kuma mai ba ya ci sai da iska. Tsohon V8 da kansa yake shaƙar iskarsa, shi ya sa aka yi masa manyan ɗakuna har takwas. Sabon kuwa an ɗaura masa zugazugi biyu. Hayaƙin da a da yake fita ta salansa a banza, shi ke juya wata 'yar farfela, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke tura iska cikin inji da ƙarfin tsiya, suna kewayawa fiye da sau dubu ɗari a minti ɗaya. Mai gasa masara a bakin titi ta san wannan ilimin: idan ciniki ya kankama ba ta ƙara kasko, mafici take ƙara wa hannu.

Amma masu kewar V8 ba a kan komai suka yi kuskure ba. Wutar da ake zugawa ta fi zafi, kuma farfelar nan a kan baƙin mai take shawagi. Tsohon injin jaki ne, ka ba shi ƙaiƙayi ya ci ya ɗauki kaya. Sabon dokin hawan sallah ne, ya fi gudu ya fi kyau, amma ranar da ka ba shi ruɓaɓɓiyar harawa za ka kwana a wurin mai magani. Baƙin man jabu da ake ɗurawa a tsofaffin galan, jinkirta juye har sai ya koma kamar kwalta, matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe ba a duba ba, duk abubuwan da V8 yake haɗiyewa ya yi shiru ne, wannan kuwa ba zai yafe ba. Mu kuma mun saba mutum ya zuba miliyoyi a mota, sannan ya tura direba da kuɗin da bai kai ba ya ce a yi juye a inda ya fi araha.

Batun kiran da aka yi a Amurka kuwa, gaskiya ne ya faru. A watan Mayun 2024 Toyota ta sanar da shi kan motoci kusan 102,000 ƙirar 2022 da 2023, mafi yawansu a-kori-kura ce mai suna Tundra, kaɗan ne LX 600. Dalilin shi ne ɓurɓushin ƙarfe da ya saura a cikin wasu injina lokacin ƙera su, kamar tsakuwar da ta tsere wa mai tsince shinkafa. Daga baya kamfanin ya ce zai sauya injin ɗungurungum kyauta. Wannan sakacin wanki ne a masana'anta, bai shafi yawan silinda ba. Wanda zai sayi LX ɗin da aka shigo da ita daga can, ya ɗauki lambar shasinta mai haruffa da lambobi 17 ya duba a intanet ko tana cikin waɗanda aka kira, kuma ko an yi mata aikin kafin ta hau jirgin ruwa.

Akwai kuma maganar fetur. LX ɗin Amurka mai lamba 91 aka rubuta mata a ma'auninsu, wanda ya yi daidai da kusan 95 a ma'aunin da Turai ke amfani da shi. Gidajen manmu iri ɗaya suke sayarwa, ba wanda ya damu ya rubuta maka lamba a jikin famfo. Kwamfutar motar za ta lallaɓa ta rage ƙarfi don kare inji, amma ba abin da za ta iya da gurɓataccen mai irin wanda ya shigo ƙasar nan a watan Fabrairun 2022 ya kwantar da motocin jama'a. Shi ya sa mai yawan shiga lungu ya kamata ya san cewa Land Cruiser 300 tana da mai shan gas, lita 3.3, sannan a kasuwar ƙasashen Larabawa akwai mai lita 4.0 wadda ba ta da turbo sam.

Inda suka rabu da gaske ƙasa ne, wajen ƙafa. Manyan ajin LX 600 suna zuwa da wili mai inci 22, wanda kaurin gefen tayarsa kimanin santimita 13 ne kacal. Land Cruiser mai inci 18 tana da kusan 17. Santimita huɗun nan su ne tsakanin takalmin fata na zuwa ɗaurin aure da takalmin shiga gona. Idan ka faɗa rami da gudu, tayar mai kauri za ta shanye dukan, siririyar kuwa ta miƙa shi ga wili. Haka nan Lexus tana da na'urar ɗaga jiki da sauke shi da ruwan haidirolik, ta durƙusa kamar raƙumi don maigida ya shiga ba tare da ya tattare babbar riga ba. Abin sha'awa ne ƙwarai, har ranar da famfonta ko na'urar aunawarta ta samu matsala a garin da bakanike bai taɓa ganin irinta ba. A ciki kam Lexus ta yi zarra: ta fi shiru, ta fi fata mai laushi, akwai ma mai kujera huɗu kacal wadda ta baya take kishingiɗa. Dukansu biyun an yi musu bonet da rufi da ƙofofi da alminiyam don rage nauyi, saboda haka fanal bita mai guduma da wutar walda ya yi hattara.

Maganar rami ta tuna mini: a watan Oktoban 2023, da aka yi ca kan sayen jif-jif na Toyota ga 'yan Majalisar Tarayya 469, a kan kusan naira miliyan 160 kowace kamar yadda jaridu suka ruwaito, hujjar da aka kawo ita ce hanyoyin ƙasar nan ba su da kyau, sai mota mai juriya. Hujjar gaskiya ce. Sai dai daga bakin masu amincewa da kasafin gyaran hanyoyin ta fito, a lokacin da aikin titin Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano, da aka fara a 2018, yake ta jan ƙafa. Ramin da mai jif ya tsallake yana nan yana jiran mai Golf da mai Sharon.

Alhajin nan dai na tambaye shi inda motar za ta riƙa zuwa. Ya ce gona a ƙauye duk ƙarshen mako, da ziyarar dangi da damina da rani. Na ce ya ɗauki Land Cruiser mai wili inci 18, rarar kuɗin ya ajiye ta don baƙin mai na ainihi da bakaniken da ke da kwamfutar duba inji. Da tsakanin Maitama da filin jirgi za ta tsaya, kuma a kujerar baya zai zauna, da Lexus na ce masa.