Daga Ƙaramar Kwaleji Zuwa Jami'a: Hanyar Karanta Kimiyyar Muhalli a Kalifoniya

A watan Janairun 1969 wata rijiyar mai da ke cikin teku kusa da garin Santa Barbara ta fashe, ɗanyen mai ya malale gaɓar teku, dubban tsuntsaye suka mutu. Shekara guda bayan haka Jami'ar Kalifoniya da ke garin ta buɗe sashen nazarin muhalli, ɗaya daga cikin na farko a Amurka. Ɗaliban da ke cika irin waɗannan sassa a yau, da damansu ba a jami'a suka fara ba. Ta kwalejojin al'umma masu karatun shekara biyu suka biyo.

Kuɗi ne babban dalili. Ɗan jihar yana biyan dala 46 kan kowane kiredit a kwaleji, wato kiredit 60 da ake nema kafin a koma jami'a ba su kai dala 3,000 ba, alhali kuɗin karatu a Jami'ar Kalifoniya ya haura dala 13,000 a shekara. Komawa jami'a daga kwaleji ya yi kama da yadda mai difloma ko NCE a Najeriya ke shiga aji biyu na jami'a, sai dai a can aji uku ake shiga. Wata doka ta 2010 ma ta samar da takardar shaida ta musamman, wadda ke ba mai ita tabbacin gurbi a jami'o'in jiha na CSU, kodayake ba lallai a harabar da ransa ke so ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne zaɓen darussa. Ɗalibi kan zo da son itatuwa da koguna, sai ya tarar kimiyyar muhalli na buƙatar ilmin sinadarai, ilmin halittu, fiziya da lissafin kalkulas. Darussan nan kuwa kamar matakala suke, ba a hawa na biyu sai an ci na farko. Wanda ya ɗage ilmin sinadarai saboda tsoro zai iya ƙara wa kansa shekara guda cur. Wani kuma ya ci darasin, amma samfurin da aka sauƙaƙa wa waɗanda ba 'yan kimiyya ba ne, sai sashen ya ƙi karɓa.

Asarar ba ƙarama ba ce. Wani rahoton ofishin binciken gwamnatin Amurka na 2017 ya ƙiyasta cewa masu sauya makaranta kan rasa kusan kashi 43 cikin ɗari na kiredit ɗinsu. Shi ya sa masu ba ɗalibai shawara ke nuna musu shafin ASSIST tun zangon farko, inda aka jera darasin da kowace jami'a ke amincewa da shi.

Harabobi shida na Jami'ar Kalifoniya, ciki har da Davis da Santa Barbara, suna ba da tabbacin gurbi ga wanda ya cika sharuɗɗa. Berkeley da UCLA ba sa ciki. A watan Satumba ake neman wannan tabbaci, shekara guda kafin a shiga jami'ar.