Wa ke Raɗa wa Waƙa Suna? Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani

Wani ɗalibi a Rano ya miƙo mini takarda. Waƙa ce ya rubuta, ba amsa-amo, ɗangayen wani dogo wani gajere. "Malam, wannan a wane aji za a sa ta?" Tambayar ta girme shi.

Gida biyu da aka koya mana

A makaranta an raba mana waƙa biyu. Akwai ta baka, irin ta Shata da Narambaɗa, mai kiɗa da 'yan amshi. Akwai rubutacciya, gadon malaman jihadi, mai baiti da ƙafiya. Rabon yana da daɗin koyarwa, amma mawaƙan ba su tsaya inda aka ajiye su ba. Aliyu Namangi na Zariya ya ɗora Imfiraji, waƙar wa'azi sukutum, a kan karin kiɗan caji. Aƙilu Aliyu ma ya sha aron karin makaɗa.

Rigimar ma'auni

Nan ne manazarta suka fi kai ruwa rana. A 1975 M. K. M. Galadanci ya kwatanta alaƙar waƙar Hausa da arulin Larabci da aure: ka ɗauki baiti ka auna shi da baharin Kamil ko na Mutadarik, ya zauna daram. Ɗalhatu Muhammad na Jami'ar Ahmadu Bello ya ja hankali ga ɗaya ɓangaren, wato yadda rubutacciya ke sha daga ta baka. Ni dai ina ganin wanda ya nace sai kowace waƙa ta shiga bahari, ƙarshenta zai kira sabon abu kuskure. Sau nawa aka ce wa yaro "karinka ya karye", alhali kunnensa wani kiɗa yake bi?

Larabawan ma ba su tsira ba. Tun 1947 da Nazik al-Mala'ika da Badr Shakir al-Sayyab suka sassauta baiti a Iraƙi ake musun wa ya fara, da sunan da ya dace da abin.

Ƙungiya ko mazhaba?

Kano ta yi ƙungiyoyin mawaƙa, kamar Hikima Kulob ta Mudi Sipikin da Hausa Fasaha ta Aƙilu Aliyu. Su suka raɗa wa kansu suna, kuma zumunci da rera waƙa a rediyo ne ya haɗa su, ba salo guda ba.

Sunan da wani ya laƙaba

Wannan ya fi ciwo. "Adabin Kasuwar Kano" da Ibrahim Malumfashi ya yayata a kan littattafan soyayya ya jawo muhawara mai zafi da Abdalla Uba Adamu a shekarun 1990. Haka "'yan nanaye" yake ga mawaƙan fiyano: da raini a ciki. To Aminu Ala fa, da ke tsara baiti a takarda sannan ya shiga situdiyo?

Ɗalibin nan dai na ce ya karanta mini ita da ƙarfi. Yana farawa, ƙafarsa ta soma buga ƙasa.