Ba A Rabon Gonaki A Ingila: Gaskiyar Lambunan Kantabari

Na gaji da wani bidiyo da ke yawo a WhatsApp da TikTok, ko in ce ire-irensa, don kullum da sabon salo yake dawowa. Za a nuno wani bawan Allah da takalmin roba yana tsaye a tsakiyar kabeji da albasa a wani gari na Ingila, a ɗora murya a kai cewa wai a can gwamnati rabon gonaki take yi kyauta, kana sauka daga jirgi ka rubuta sunanka sai a yanka maka fili. Kafin ka ce kwabo wani ya fara lissafin buhunan masara, wani yana tambaya ko za a bar shi ya ɗora ɗaki ciki da falo. Da abin ya tsaya a raha da ban damu ba. To amma da irin wannan zance ne mazambata ke ɗana wa matasa tarkon biza, yaro ya sayar da babur ɗinsa, uwa ta sayar da akuyoyinta, a kan gonar da babu ita.

Bari mu ɗauki gari guda mu duba shi da kyau. Kantabari tsohon birni ne a lardin Kent, kudu maso gabashin Ingila, tafiyar kamar awa guda daga Landan a jirgin ƙasa mai sauri. Yana da ganuwa tun zamanin Rumawa, tarihin babbar majami'arsa kuma ya faro tun shekarar 597, kuma nan ce kujerar shugaban ɗarikar Angalika. Wanda ya ga hotunan garin zai ga kore ta ko'ina, sai ya ɗauka duk abu ɗaya ne. Alhali iri uku ne, kowanne da dokarsa.

Na farko akwai lambunan shan iska na kowa da kowa. Dane John yana cikin ganuwa, wani attajiri ɗan majalisar gari mai suna James Simmons ne ya gyara shi a 1790 da kuɗin aljihunsa, ya jera bishiyoyi, ya fitar da hanya mai kewaya tudun da ke wurin har zuwa ƙololuwa. Lambun Westgate kuwa yana bakin kogin Stour, daura da tsohuwar ƙofar gari ta yamma. Iyalin Williamson, masu babbar majema a garin, su suka ba da shi kyauta ga jama'a a 1936. A ciki akwai wata bishiya mai ƙaton gindi da ta haura shekara 200, yara na zagaya ta, kwalekwalen 'yan yawon buɗe ido na giftawa ta gefe. Na biyu kuma fadamar Hambrook ce a bayan gari, kimanin eka 50, wadda wata ƙungiyar mutanen garin ta saya a 2014 don kada a taɓa ta. Shanu ke kiwo a ciki da rani, idan kogi ya cika da hunturu ita ke shanye ruwan. (Ina rayawa a raina, da a wasu garuruwanmu ne da tuni an yanka ta shaguna, sannan a zo ana kukan ambaliya.) Duk waɗannan ana shiga ba ko sisi, amma ba wanda ke da ikon kafa fartanya a ciki.

Na ukun shi ne abin da ake nunawa a bidiyon: lambunan haya, waɗanda suke kira alotimen. A nan ƙaryar take, don haka a nan zan daɗe.

Da farko dai haya ce, kuma haya ba ta zama mallaka ko da mutum ya shekara talatin yana biya. Filin na ƙaramar hukuma ne, ko na majalisar ƙauye, ko na majami'a, ko na wani mai ƙasa. Kai ɗan haya ne mai biyan kuɗi duk shekara, wani wurin fam 'yan gomomi, wani wurin ya haura ɗari. Ba ka sayarwa, ba ka jinginarwa, ba ka ba wani haya a ƙarƙashinka, ba kuma gado ba ne da za a raba wa 'ya'ya. Sannan girman fa? Cikakken yanki na gargajiya murabba'in mita 250 ne, wato ya ɗan ɗara rabin fuloti mai ƙafa 50 da 100. Yau ma wurare da yawa rabinsa ake bayarwa saboda yawan masu nema. Wannan ce gonar da ake cewa za ta yi wa mutum arziki? Haba jama'a!

Doka ma ta toshe maganar arzikin. Dokar 1922 ta fayyace cewa lambun haya wuri ne da mutum zai noma kayan lambu ko 'ya'yan itatuwa don cin kansa da iyalinsa. Ba a yi shi don kasuwanci ba. Idan kabewarka ta yi yawa ka raba wa maƙwabta, abin da kowa ke yi ke nan, amma ka mayar da wurin hanyar neman kuɗi ka karya yarjejeniya. Gini kuwa iyakarsa ɗan ɗakin katako na ajiye kayan aiki, shi ma yawanci sai ka nemi izini, kuma ba a kwana a ciki. Dokar 1950 ta ba ɗan haya damar ajiye kaji mata da zomaye, su ma ba don sayarwa ba. Zakara bai shiga ba, balle akuya ko rago.

Mai gardama zai ce ai ya ji dole ne hukuma ta bayar. Ya ji rabi ya bar rabi. Gaskiya ne dokar 1908 ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin samar da lambuna idan akwai buƙata, har ma mutum shida masu rajistar zaɓe ko masu biyan haraji a yankin na iya rubuta takarda su nema. Amma dokar ba ta sa wa'adi ba. Sai dai ka shiga layi, kuma layin kan ɗauki shekaru, domin mai lambu ba ya saki sai tsufa ko ƙaura ko mutuwa ta raba su. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da gwamnati ta yi gangamin kowa ya noma abincinsa, lambunan sun kai kusan miliyan 1.4. Yanzu kimanin 330,000 suka rage a duk Birtaniya. 'Yan ƙasa da aka haifa a unguwar suna nan suna jira, sai kai da ke Kano ko Maradi ne aka ajiye wa naka? Kuma shiga layin ma sai mazaunin yankin mai adireshi. Lambun haya ba ya kawo biza, ba ya kawo takardar zama. Bizar aikin gona ta wucin gadi, wadda ake zuwa tsinkar tuffa da sauran 'ya'yan itatuwa a manyan gonakin Kent, abu ne daban, wata shida ce iyakarta, kuma ta hannun kamfanonin da gwamnati ta amince da su ake samunta. Duk wanda ya haɗa maka biza da lambu a zance ɗaya, riƙe aljihunka. Mu ma mu ji tsoron Allah wajen tura abin da ba mu tantance ba, don hannun da ya tura yana da kaso a cikin hawayen wanda aka damfara.

Asalin tsarin lambunan haya ma daga talauci ya fito, lokacin da masu ƙasa suka killace filayen da talakawan karkara ke kiwo da noma a ƙarni na 18 da na 19, aka rage musu raɗaɗi da 'yan guntaye.

Yanzu ga 'yan'uwanmu da suke can da gaske, ɗalibai da ma'aikatan jinya da masu iyali. Idan kana so, ka nemi shafin ƙaramar hukumarka ka sa suna yau, kada ka jira sai ka shirya. In an kira ka, karɓi rabin yanki tukuna. Sau da yawa abin da za a miƙa maka wuri ne da wani ya yi watsi da shi, ƙaya ta rufe, ga ruɓaɓɓen katako da tsohuwar leda a binne, kuma wata na farko duk a tonon saiwa zai ƙare. Ana zagayen duba lambuna. Wanda ya bar nasa ciyawa ta cinye zai ga takardar gargaɗi, in bai gyara ba a karɓe a ba na bayansa. Don haka in za ka tafi gida hutu mai tsawo, ka sanar da kwamitin wurin, ka roƙi maƙwabci ya riƙa leƙawa.

Kada ka yi shuka da lissafin daminarmu. Sanyi mai ƙona tsiro kan kai har tsakiyar watan Mayu, wanda ya yi gaggawar dasa tumatir a Afrilu zai wayi gari ya tarar da shi ya yi baƙi ya kwanta. Dankalin Turawa, albasa, tafarnuwa, karas, kabeji, latas, wake da kabewa duk suna yi. Alayyafo ma yana yi idan zafi ya shigo. Attarugu da kuɓewa sai a cikin rumfar leda ko ta gilashi. Gero da dawa kuwa kada ka wahalar da kanka. Kabeji sai ka rufa masa raga, in ba haka ba kurciyoyi za su bar maka jijiya kawai, katantanwa kuma da dare take fitowa ta share ƙananan tsirai. Ka ajiye durom na tarar ruwan sama, domin Kent na cikin yankunan da suka fi ƙarancin ruwa a ƙasar, kuma shekarar da aka yi fari akan taƙaita ban ruwa da tiyo. Ƙona shara yana da ƙa'ida, ka tambaya kafin ka ƙyasta ashana. Iri kuma kada a cusa shi a jaka daga gida ba tare da an bincika ba, akwai doka mai tsauri a kan shigo da tsirai da iri.

Sai abin da ya fi ba ni kunya in na ji shi: hannu. Don ka ga tumatir ya nuna a yankin wani babu shinge, ba na Allah-ba-ku-mu-samu ba ne, tsinkarsa sata ce a doka da addini. Furannin da aka shuka a Westgate ko Dane John ma haka, a kwaɓi yara. 'Ya'yan itacen da suka fito da kansu a bakin hanya ana iya tsinka don ci, ban da sayarwa, ban da tumɓuke tsiron. In za a yi taron suna ko na Sallah a lambun jama'a a nemi izinin hukuma, a kwashe shara kafin a tashi, layya kuwa a mayanka mai lasisi kaɗai ake yin ta. A Hambrook a rufe ƙofa bayan an wuce saboda shanu. Ranar da karatu ko aiki ya ƙare za ka bar garin, ka rubuta wa kwamiti, ka kwashe tarkacenka, ka mayar da makullin ƙofa, akwai wanda ya yi shekaru a layi yana jiran yankin.